Kamarar Suhaibu a Cikin Kanal

Akwai wani mugun hali da ya yi wa mutanen yanzu katutu, wato raina wanda ya riga ka shiga sana'a don kawai kayan aikinka sun fi nasa ƙyalli. Mutum ya sayi ƙarfe jiya, yau ya ɗauka har da ilimin aka ƙunso masa a cikin kwalin. Wannan hali shi ya kai Suhaibu ɗan marigayi Malam Yusuf cikin kanal ɗin ban ruwa, kuma ga yadda aka yi.

A Kura, duk wanda ya haura shekara talatin, in ka leƙa ɗakin uwarsa za ka tarar da hoton da Hambali ya ɗauka a rataye. Suna, saukar karatu, biki, har ɗan ƙaramin hoton da ake mannawa a takardar neman taki, duk shi ne. Yana da 'yar gonarsa ta albasa a bakin kanal, amma da Hambali mai hoto aka san shi. Kamararsa ta tsufa, baƙin fentinta ya koɗe a wajen da yatsa ke zama, jakarta kuwa matarsa Luba ta ɗinke ta ya fi sau biyar.

To, sai Alhaji Sabi'u ya gina sabon injin casar shinkafa a bakin gari, gini mai tsayi, an rubuta sunansa a goshinsa da koren fenti. Ɗansa ya sayo masa kwalaye na wutar nan da ake harbawa sama ta fashe ta yi furanni, aka nemi izinin hukuma, aka sa ranar Alhamis bayan sallar isha'i. Da yake akwai tulin ɓuntun shinkafa a bayan injin, wanda tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe shi, sai aka ce a harba wutar daga wani fili a gaba, kusa da inda jama'a za su tsaya. Wutar ta minti biyar ce kacal, in ta ƙare ta ƙare, babu wata a ajiye. Abin da Alhaji ke so hoto ɗaya ne: ginin, da sunansa, da wutar a bisa kansa, don a buga a kalandar da zai raba wa dillalai.

Hambali bai yi ko tantama ba cewa aikin nasa ne. Ranar Litinin ya rataya jakarsa ya tafi ofishin Alhaji don su tsara. Yana shiga ya tarar da Suhaibu zaune, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, a cinyarsa ga wata kamara sabuwa fil, an ɗaura mata farin gilashi mai tsawo kamar taɓarya. Duk garin an san yadda ya same ta. Buhu talatin na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da aka girbe a gonar da ya gada, su ya kwashe ya sayar, ya tafi birni ya dawo da ita. Watansa huɗu ke nan a sana'ar.

Mu kuwa a nan muna da wata wauta tamu. Yadda muke auna injin ban ruwa da kaurin tiyonsa, haka muke auna mai hoto da tsawon gilashin da ke bakin kamararsa. Alhaji ya dubi ta Suhaibu, ya dubi jakar Hambali, magana ta ƙare tun ba a fara ta ba.

"Hambali, sannu da zuwa," in ji Alhaji. "Ka ga abin da yaron nan ya riƙo? Ya ce daga nan yana iya ɗauko tsuntsu a kan eriyar Garun Malam."

"Zai iya, Alhaji," in ji Hambali. "Amma ba tsuntsu za a ɗauka ba. Wuta ce da za ta cika sama a kan mutane. Dogon gilashi ƙunci gare shi, ɗan wuri kaɗan yake gani. Wannan aikin na gajere ne mai faɗin gani."

Suhaibu ya yi dariya har da buga cinya. "Alhaji, ka ji fa. Wai gajere ya fi dogo. To ai sai a kawo wayar hannu a huta."

Alhaji ma ya dara. Ya ce, "Ka sha aiki, Hambali, bana ka huta. Ka zo ka ci shinkafa ka yi kallo kamar kowa."

"Da sharaɗi ɗaya, ranka ya daɗe," in ji Suhaibu. "Ban da wata kamara a filin. Ba na son a riƙa gitta mini, kuma ba na son gobe wani ya ce shi ya ɗauka."

Alhaji ya ce ya amince. A gaban Hambali aka yi wannan, mutumin da ya ɗauki hoton Suhaibu yana ɗan kwana bakwai a hannun kakarsa.

Hambali ya koma gida. Luba ta kawo tuwo, ya ci loma uku ya ture. Da ta matsa ya gaya mata, sai ta riƙe haɓa.

"Ɗan gidan Yusuf? Wanda ka biya wa kuɗin mota ya tafi jarrabawa? To Malam, ka bar shi da halinsa mana."

"Ba shi nake ji ba," in ji Hambali. "Wutar nake ji. Sau ɗaya za a harba ta."

Gaskiya rabi ya faɗa. Yana jin wutar, amma yana jin kansa ma. In hoton nan ya fito a kalanda da sunan wani a ƙasansa, kowane shago a Kura zai rataya shaidar cewa zamanin Hambali ya wuce. Duk da haka Yusuf amininsa ne, tare suka yi tashe, tare suka fara noman rani. Don haka ranar Laraba da yamma ya daure ya tafi teburin mai shayi inda Suhaibu ke zama da abokansa.

Ya ja benci ya zauna, ya yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai karanta wasiyya. Ya ce shi ma ba a cikin uwa ya koya ba. A wani ƙauyen Kiristoci da ke bayan Bunkure ya koya, inda suke kiransa duk sabuwar shekara in za su harba irin wannan wuta, kuma sai da ya lalata fim biyu cur kafin ya gane kan abin.

"Ka cire dogon nan ka sa gajeren da ya zo da kamarar," ya ce. "Ka kafa ta a kan ƙafa-uku a ƙasa mai tauri. Ka kashe filashi, don haskensa ko taku goma ba ya kaiwa, wutar kuwa da nata hasken take zuwa. Lambar jin haske ka mai da ita ɗari. Ka tsuke idon kamarar zuwa takwas ko sha ɗaya, ka bar shi a buɗe daƙiƙa uku ko huɗu, shi ne za ka sami zaren wutar tun daga tashinta har fashewarta. Saiti kuma kada ka bar wa kamara ta nema da kanta, a duhu ruɗewa take yi. Tun da sauran rana ka saita da hannu a kan ginin, ka bar shi nan. Sannan ka duba inda iska ta nufa, ka ba ta baya, in ba haka ba hayaƙi za ka kwasa."

Suhaibu yana ta juya cokali a kofi har ya gama. Sannan ya ɗaga kai ya dubi abokansa.

"Kun ji lacca kyauta. Baba, wannan duk na zamanin fim ne. Wannan da ka gani kwamfuta ce, otomatik ce. Ita ke tunani, ni dannawa kawai nake yi. Kuɗinta ya sayi irin taka guda ashirin har da canjin goro."

"Ba ta san wuta ba, Suhaibu."

"Kai ka santa? Baba, in aikin ne ke maka ciwo ka faɗa, sai in ba ka riƙon jaka."

Majalisar ta kwashe da dariya. Mai shayin ne kaɗai ya sunkuyar da kai. Hambali ya tashi, ya biya kuɗin shayin da bai sha ba, ya tafi. Kai jama'a, dattijo ya taka ya kawo maka ilimin shekara talatin har inda kake zaune, ka saka masa da riƙon jaka!

Ranar Alhamis tun la'asar fili ya cika. Mutanen Kadawa, na Bunkure, dillalan Kano, 'yan adaidaita sun yi layi, babura kuwa ba a magana. Hambali ya zo hannu rabbana kamar yadda aka ce, ya bar jakarsa a rataye a ƙusa. Ya ci shinkafar, ya koma gefe ya tsaya yana kallon Suhaibu.

Abin da ya faɗa shi ya fara faruwa. Suhaibu ya kafa kamara a gaban ginin, ya leƙa, sai ya ga haruffa uku kawai na sunan Alhaji sun cika masa ido. Ya ɗauke ya ja baya. Ya leƙa, ya sami rabin sunan. Ya sake ja da baya, yana daka wa mutane tsawa su kauce. Gajeren gilashin yana cikin jakarsa a kafaɗa, canzawa ba ta fi ƙiftawar ido ba. Amma yaya zai cire taɓaryar da aka ba shi aiki dominta, a gaban Alhaji, a gaban Hambali? Haka ya yi ta ja da baya har ya fita daga filin, ya kai bakin ƙaramin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin ƙarshen layi.

Bakin kanal ɗin cike yake da 'yan kallo. Cikinsa kuwa a bushe, daɓen siminti, ya miƙe sak yana fuskantar ginin, babu kan kowa a gaba. Sai Suhaibu ya dira ciki, zurfinsa ya kai masa ƙirji, ya yi tafiya mai nisa a ciki, ya kafa ƙafa-ukunsa yana murmushi, wai ya yi dabara.

Hambali na ganin haka ya san akwai matsala. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a yankin nan ya san ruwa bi da bi ake ba shi. Na sama su sha da rana, in sun rufe sai a sakar wa na ƙarshen layi, kuma daren Juma'a nasu ne. Suhaibu a nan aka haife shi, amma tun da ya gaji gona bai taɓa zuwa ban ruwa ba, 'yan ƙwadago yake turawa.

An idar da sallar isha'i ke nan Hambali ya bi bakin kanal ɗin ya tsaya a kansa.

"Suhaibu, fito daga nan. Yau ruwan 'yan ƙarshen layi ne."

"Na san da shi," in ji Suhaibu, ko ɗagowa bai yi ba. "Na buga wa Sallau na ce ya riƙe sai an tashi."

Sallau shi ne mai buɗe ƙofar ruwa, sa'an Hambali ne, tare suke tsufa. Hambali ya ciro waya ya kira shi.

"Sallau, kana ina?"

"Ina bakin ƙofa mana, ina zan je? Kai ne ka tafi cin shinkafar masu kuɗi."

"An ce an ce ka riƙe ruwa."

"Wa? Ɗan Yusuf? Ya bugo mini ko sallama babu, wai umarni ne daga sama. Na ce wace saman? Kwana shida mutanen nan suna jira, tumatirinsu yana zubar da fure, tun magariba suke tsaye a gonakinsu da tocila. In hana su don wani zai ɗauki hoto? Na buɗe tun ana kiran salla. Yana hanya."

Hambali ya san gaskiya ce tsagwaronta. Ya kashe wayar ya sake sunkuyawa.

"Sallau ya buɗe. Wallahi ruwa yana tafe. Ka hau sama, ka sa gajeren gilashi, har yanzu da sauran lokaci. Zan riƙe maka tocila."

"Baba, don Allah ka ƙyale ni in yi aikina," in ji Suhaibu da ƙarfi, yadda na kusa za su ji. "Tun Litinin kake bina. Hassada ba ta kamaci mai furfura ba."

Hambali ya miƙe. Ya ja da baya ya tsaya a inda yake iya ganin Suhaibu.

Sai aka kashe fitilun filin, aka harba ta farko.

Ta tashi da wani fito mai tsini, ta yi sama, ta fashe. Ja ne ya fara bajewa, ya zama ruwan zinariya yana zubowa a hankali, ginin ya fito tar da koren sunansa. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka yi ihu, wani tsoho ya yi ta salati. Ruwan da ke kwance a fadamun shinkafa ya ɗauki hasken, sai ka ce wutar biyu ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Hambali ya ji yatsansa yana danna cinyarsa ta cikin aljihu, bakinsa yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Daga inda yake tsaye ma, da gajeren gilashi, hoton ya gama haɗuwa. Sai da ƙwalla ta cika masa ido don takaici.

Ya waiga kanal. Me zai gani? Filashi yana ta walƙiya, fal, fal, fal, kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Suhaibu ya sassauta kan ƙafa-ukun yana wurga taɓaryar sama da ƙasa yana bin wutar, in ya kai nan ta fashe can. Ga iska ta kwaso hayaƙin ta nufo shi kai tsaye.

Ana cikin minti na uku ruwan ya iso. Ba da hauka ya zo ba, a hankali ya zo, yana ture kara da ledoji da kumfa a gabansa. Na bakin kanal suka gan shi suka yi ta ihu, amma ƙarar wuta ta danne muryarsu, shi kuwa ido ɗaya a rufe, ɗaya a manne da kamara. Sai da sanyi ya kama idon sawunsa ya zabura. Busasshiyar gansakukar da ke kan simintin ta jiƙa ta zama santsi kamar kuɓewa. Ya kai hannu zai ɗauke ƙafa-ukun, ƙafarsa ta zame, ya tafi da baya. Nauyin dogon gilashin ya rinjayi sauran, kamarar ta kifa da baki, ta daki gefen siminti, ta nutse.

Hambali ne ya fara kwantawa a bakin kanal ya miƙa masa hannu, wasu mutum biyu suka taya shi jawo shi. Kafin a lalubo kamarar da jakar, an harba ta ƙarshe, wata fara mai faɗi da ta rufe rabin sama. Suhaibu bai ma gan ta ba, yana durƙushe yana tari.

Washegari da hantsi Alhaji Sabi'u ya aika a kira Hambali da Sallau. Suka tarar da Suhaibu ya riga su, yana ta kumfar baki. Wai an haɗa masa baki ne, wai Sallau da gangan ya saki ruwa, wai hotunan da ya ɗauka ko a Abuja ba a taɓa ganin irinsu ba, ga shi ruwa ya cinye.

"Ruwa ya bi hanyarsa a ranarsa," in ji Sallau. "Kai ne ka je ka tsaya masa a gado. Gobe ma in ka kafa a tsakiyar titin Zariya sai ka ce tirela ta yi maka makirci."

Alhaji ya juya wajen Hambali. "Yanzu shi ke nan hotunan sun tafi?"

Hambali ya dubi kamarar. Ya san amsar, ya kuma san abin da za ta jawo. Amma an tambaye shi, kuma bai saba ƙarya a sana'arsa ba.

"Ba lalle ba ne, Alhaji. Ɗan memorin da ke ciki ba ya cika jin ruwa. A ciro shi a goge."

Fuskar Suhaibu ta canza. Aka ciro, aka goge da gefen riga, akawun Alhaji ya sa a kwamfuta. Ya buɗe. Hoto ɗari da arba'in da biyu.

Aka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Na farko baƙi ƙirin. Na biyu baƙi da ɗigon ja a kusurwa. Na uku hayaƙi ne fari fat da filashi ya haske, da sauraye a ciki kamar an watsa gero. Wani wani dunƙulen haske ne mara kai mara gindi, inda kamarar ta rasa saiti. Wani ƙeyar wani mutum ce da hularsa. Haka, haka, har ƙarshe. Babu ginin, babu sunan, babu furen wuta ko guda ɗaya cikakke. Kuma duk an ɗauke su ne tun ruwa bai taɓa shi ba.

Sallau ne ya yi gyaran murya ya ce, "To wannan kuma wace ƙofar na buɗe?"

Alhaji ya share zufa, ya dubi Hambali da wata murya ƙasa-ƙasa. "Kai fa? Na san halinka, ba ka rabuwa da jakar nan. Ko guda ɗaya ba ka ɗan ɗauka a ɓoye ba?"

"Kai ka amince a hana, Alhaji," in ji Hambali. "A gabana ka amince. Ni kuma ban iya shiga inda aka ce kada in shiga ba."

Aka bi wayoyin mutane, aka tara abin da suka ɗauka, duk rawa da duhu da kawunan jama'a, babu wanda zai buga a takarda. Alhaji ya sallami kowa bai ko yi musu sai an jima ba. Bayan sati biyu ya aika wa Hambali ya zo ya ɗauki ginin da rana tsaka, da buhuna jere a gabansa, shi aka buga a kalandar. Hambali ya yi aikin yadda ya kamata, amma duk wanda ya yaba masa sai ya girgiza kai, don ya san hoton da aka rasa.

Shi kuwa Suhaibu, ga abin da girman kansa ya ci masa. Dogon gilashin ya tsage daga baki, laka ta shiga cikinsa, mai gyara a Kano ya ce a jefar. Kamarar ba ta sake kunnuwa ba. Gajeren gilashin da ya ƙi sawa ya jiƙe a cikin jaka, ya yi hazo, ya tashi aiki. Ƙafa-ukun ta karye ƙafa ɗaya. Wayarsa ta mutu, takalminsa ɗaya ruwa ya kai shi gonar wani. Bukukuwa uku da aka riga aka ba shi a watan, duka aka janye. Buhu talatin na shanshera, noman shekara guda na gonar ubansa, sun tafi a minti uku. Abin da ya fita da shi daga sana'ar hoto shi ne memori ɗaya mai ɗauke da hoto ɗari da arba'in da biyu na hayaƙi da sauro.